Gyara ko Sauyawa: Tambayoyin Masu Gida Kan Na'urorin Sanyaya Ɗaki da na Ɗumamawa

A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Kano, Yamai da Damagaram, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas tsakanin watan Maris da na Mayu, na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a suka fi sani da esi, ta fara fita daga sahun kayan alatu na ofisoshi da gidajen attajirai tana shiga cikin kayan buƙata na matsakaitan gidaje, musamman waɗanda ke da tsofaffi, marasa lafiya ko jarirai. Zafin da aka yi a yankin Sahel a watan Afrilun 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ya ƙara tabbatar da cewa batun ya shafi lafiya da rayuka, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa adadin waɗannan na'urori a duniya zai tashi daga kimanin biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da shekarar 2050. Sai dai mallakar na'urar tana tafe da nata ɗawainiyar, domin ko ba daɗe ko ba jima mai gida zai wayi gari ta daina sanyi, ko tana ɗigar da ruwa a jikin bango, ko tana gurnani ta kasa tashi, kuma a irin wannan lokaci ne rashin sanin yadda take aiki kan jawo masa asara a hannun masu gyaran da ba su ƙware ba.

Kusan dukkan tambayoyin da masu gida ke yi suna samun amsa idan aka fahimci abu guda, wato aikin na'urar shi ne kwashe zafin da ke cikin ɗaki ta zubar da shi a waje. Tana yin haka ne da wani sinadari da masu gyara ke kira gas, wanda ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe tsakanin ɓangaren da ke manne a bangon ɗaki da wanda ke waje. A ɓangaren ciki sinadarin yana rikiɗewa daga ruwa zuwa tururi, kuma a yayin wannan rikiɗewa yana tsotse zafin iskar da fanka ke hurowa a kan bututun, kamar yadda ruwan da ke tsatsafowa daga jikin randa ke tafiya da zafi idan ya bushe, ya bar ruwan ciki da sanyi. Daga nan kwamfiresa, wato injin da ke matsa tururin kuma shi ne zuciyar na'urar, yana danne shi har ya fi iskar waje zafi, sannan fankar waje ta hure zafin, tururin ya koma ruwa, zagayen ya sake farawa. Injiniyan Amurka Willis Carrier ne ya tsara na'urar farko ta zamani a 1902 domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda danshin iska ke kumbura takarda yana ɓata daidaiton launuka, kuma har yau cire danshi yana cikin aikinta, shi ya sa ake ganin ruwa yana fita ta ƙaramar tiyo a bayan ɗaki, ya fi yawa kuma da damina.

Tambayar da ta fi kowace yawa ita ce ko gas ne ya ƙare, kuma a nan ne ake yawan cutar masu gida. Gas ɗin na'urar yana cikin rufaffen bututu, ba ya ƙonewa kamar fetur ko gas ɗin girki, saboda haka na'urar da aka ɗaura da kyau tana iya yin shekaru masu yawa ba a ƙara mata ko kaɗan ba. Idan ya ragu, to lallai akwai inda yake zurarewa, galibi a mahaɗar bututu inda aka ɗaure da noti, ko a wurin da aka yi walda, ko inda tsatsa da gogayya suka huda jan ƙarfen. Mai gyaran da ya zo ya ɗura gas ya karɓi kuɗi ya tafi ba tare da ya nemo ɓular ba, ya zuba ruwa ne a kwando, kuma bayan 'yan makonni ko watanni za a sake kiransa. Ƙwararre yakan duba alamar maiƙo a mahaɗai, domin man kwamfiresa yana biyo gas ɗin da ke fita, ya shafa kumfar sabulu ko ya matsa iskar naitirojin cikin bututun don gano wurin, ya toshe, ya zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sannan ya ɗura gas bisa sikeli daidai da nauyin da aka rubuta a jikin na'urar. Gwada bututu da iskar oksijin kuwa ganganci ne mai iya kisa, domin haɗuwarta da man kwamfiresa tana haddasa fashewa. Haƙƙin mai gida ne ya tsaya a nuna masa inda ɓular take kafin ya biya kuɗin gas.

Sau da yawa ma rashin sanyi ba shi da alaƙa da gas. A ƙasar Hausa babban abokin gabar na'urar shi ne ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa Maris, ta toshe ragar tace iska ta ɓangaren ciki, ta kuma danƙare a tsakanin siraran fikafikan alminiyam na ɓangaren waje. Idan ragar ciki ta toshe, iska ba ta ratsa bututun yadda ya kamata, sai ƙanƙara ta taru a kansa, ɗaki ya ƙi sanyi, ruwa kuma ya riƙa ɗiga idan ta narke; idan na waje ne ya toshe, zafi ba ya samun hanyar fita, kwamfiresa ya yi ta wahala yana shan wuta har ya katse kansa ko ya ƙone. Cire raga a wanke ta da ruwa duk bayan mako biyu a lokacin ƙura aiki ne da kowa zai iya yi da kansa, kuma wanke ɓangaren waje bayan an kashe wuta, a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kankama, ya fi kowane gyara arha da amfani. Ɗigar ruwa cikin ɗaki yawanci toshewar tiyon fitar da ruwa ce ko rashin gangara a yadda aka shimfiɗa ta. Gurnani ba tare da tashi ba kuwa sau tari laifin kafasita ne, wata ƙaramar gwangwani mai adana wuta wadda ke taimaka wa kwamfiresa da fanka tashi, kuma zafi yana saurin kashe ta. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na kwamfiresa, don haka bai dace a yarda da hukuncin cewa kwamfiresa ya mutu ba sai an gwada ta da mita.

Yanayin wutar lantarki shi ma yana da nasa kason. An ƙera na'urorin da ake sayarwa a Nijeriya da Nijar ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma a unguwanni da dama, musamman da daddare lokacin zafi da kowa ya kunna kayansa, ƙarfin yakan faɗi ƙasa da haka sosai, kuma injin da aka tilasta wa aiki da raunanniyar wuta yana jan lantarki fiye da ƙima, wayoyinsa su yi zafi har rufinsu ya ƙone. Sitabilaiza mai girman da ya dace da na'urar tana rage wannan haɗari. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kwamfiresa yana buƙatar hutun kimanin minti uku domin matsin gas ya daidaita a ɓangarorin biyu, kuma yawancin na'urorin zamani suna da wannan jinkiri a cikinsu, abin da wasu ke ɗauka lalacewa ce alhali kariya ce.

Wata tambayar ita ce girman da ya dace da ɗaki. A kasuwannin Nijeriya ana auna na'ura da ƙarfin doki, inda doki ɗaya ke daidai da kimanin BTU 9,000 a awa, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000, shi kuwa BTU ma'auni ne na yawan zafin da na'ura ke iya kwashewa. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi galibi mai doki ɗaya tana isarsa, amma lissafin yana canzawa idan bangonsa yana fuskantar yamma, ko rufin kwano ne ba silin mai kauri, ko mutane da yawa ke zama a ciki. Ƙaramar na'ura a babban ɗaki ba ta hutawa, babba a ƙaramin ɗaki kuma tana yawan tashi da tsayawa, wanda ke gajiyar da injin ya kuma bar ɗaki da danshi. Akwai kuma wani bayani da ba kasafai masu saye ke dubawa ba, wato ajin yanayi da ake rubutawa a jikin na'urar: mai alamar T1 an auna ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, mai alamar T3 kuwa a digiri 46, kuma irinta ake ƙerawa don ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Ga mazaunin Sakkwato ko Agadas wannan bambanci yana da muhimmanci, domin na'urar T1 tana rasa wani ɓangare na ƙarfinta a daidai tsakar ranar Afrilu da aka fi buƙatarta.

Batun da ya fi ɗaure wa mai gida kai shi ne lokacin da ya kamata a daina gyara a sayi sabuwa. Na'urar da ake kula da ita kan yi shekara 10 zuwa 15, ko da yake ƙura, zafi da rashin tsayayyiyar wuta suna rage wannan wa'adi. Kafasita, fanka, allon lantarki da ƙaramar ɓula duk abubuwa ne da gyaransu ke da riba ko da na'urar ta manyanta. Mutuwar kwamfiresa ko ruɓewar bututun da ke cikin fikafikai a tsohuwar na'ura kuwa wani al'amari ne daban, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce idan kuɗin gyara ya kusa rabin farashin sabuwa, na'urar kuma ta haura shekara 10, sauyawa ta fi. Kwamfiresan da ya ƙone yakan bar gurɓataccen mai a cikin bututu, kuma idan aka ɗora wani ba tare da an wanke bututun ba, sabon ma ba ya daɗewa.

Irin gas ɗin da na'ura ke amfani da shi ya kamata ya shiga wannan lissafi. Tsofaffin na'urori da yawa suna aiki da R-22, wanda ke cikin sinadaran da ke cinye lemar ozon, wato shimfiɗar iskar da ke sararin sama tana tare hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya, Nijar da Ghana duk suke ciki, ta tsara daina amfani da irinsa a hankali. Amurka ta haramta ƙera shi da shigo da shi tun 1 ga Janairun 2020, ƙasashe masu tasowa kuma an ba su zuwa 2030 su kawar da kusan dukkansa, abin da ke nufin zai riƙa ƙaranci yana tsada. Wanda ya gaje shi, R-410A, ba ya taɓa ozon amma ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon dayoksaid fiye da sau 2,000, shi ya sa gyaran fuskar da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa shi ma cikin waɗanda za a rage. Sabbin na'urori suna komawa R-32, wanda nasa ƙarfin kimanin 675 ne, wasu kuma R-290, wanda illarsa ga yanayi kaɗan ce ƙwarai amma yana kamawa da wuta. Waɗannan sinadarai ba a musanya su yadda aka ga dama, domin matsinsu da man da ke tafiya da kowannensu sun bambanta. R-410A yana aiki da matsin da ya zarce na R-22 da kusan rabi, kuma ɗura gas mai kamawa da wuta a na'urar da ba a ƙera don shi ba na iya jawo gobara.

Kuɗin wuta shi ne ɗaya ɓangaren lissafin, kuma ya ƙara nauyi tun bayan cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 da kuma ƙarin da hukumar kula da lantarki ta NERC ta yi a Afrilun 2024, lokacin da ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Tsohuwar na'ura mai doki ɗaya da rabi tana jan kimanin kilowat 1.2, don haka idan kwamfiresanta ya yi awa 8 yana aiki ba hutawa ta cinye kusan yunit 10, wato sama da naira 2,000 a dare guda bisa wancan farashi. Na'ura mai inbata, wadda aka fara fitarwa a Japan a farkon shekarun 1980, tana rage gudun kwamfiresa idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ta kashe shi ta sake tayarwa, saboda haka tana cin wuta ƙasa da haka, kuma tana tashi a hankali ba tare da fizgar nan da ke durƙusar da ƙaramin janareta ba, abin da ya sa ta dace da masu sola. Rauninta yana allon lantarkinta, wanda hawa da saukar wuta ke iya ƙonawa, gyaransa kuma yana da tsada, masu iya shi ba su da yawa a ƙananan garuruwa.

Na'urorin esi na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Asiya suna jan hankali saboda arha, amma da yawansu sun riga sun ci mafi yawan shekarunsu, suna amfani da R-22, suna kuma shan wuta, ta yadda arhar ba ta wuce ranar saye. Ghana ta kafa dokar hana shigo da tsofaffin firji da esi a 2008, ta fara aiwatar da ita sosai a 2013, ta kuma wajabta manna takardar taurari mai nuna yawan cin wutar kowace sabuwar na'ura. Sabuwa ma tana iya lalacewa tun ranar ɗaurawa idan mai ɗaurawar ya lanƙwasa bututu, ko bai zuƙe iska ba, ko ya matse ɓangaren waje a lungun da iska ba ta wucewa ko inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar.

Yadda ake amfani da na'urar da yadda aka gina ɗakin suna rage ɗawainiya fiye da yadda ake zato. Sauke ma'auni zuwa digiri 16 ba ya gaggauta sanyi a na'urar da ba ta da inbata, illa dai ya hana kwamfiresa hutawa. Hukumar kula da tsimin makamashi ta Indiya ta wajabta cewa daga Janairun 2020 sabbin na'urori su fito daga masana'anta a kan digiri 24, bisa ƙiyasinta cewa kowane digiri guda da aka ƙara yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin 100, kuma digiri 24 zuwa 26 tare da fankar silin yana wadatar da yawancin mutane. Magabatan da suka yi soraye masu kaurin bango da rufin azara sun san cewa ginin ƙasa yana jinkirta shigar zafin rana, darasin da ginin bulo da kwano ya yi watsi da shi; silin mai kyau, labule mai kauri, toshe ƙasan ƙofa da inuwar bishiya a yammacin gida duk suna sauƙaƙa wa na'urar aiki. A busassun watanni kuma na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙiyar tabarma, wadda ta yaɗu a Sudan da Nijar, tana sanyaya ɗaki da wuta kaɗan, sai dai amfaninta yana raguwa da zarar damina ta kawo danshi.

A ƙasashe masu tsananin sanyi tambayoyin sun fi karkata ga ɗumama gida. Gidajen Amurka da yawa suna da tanderun gas da ke hura iska mai zafi ta manyan bututai zuwa ɗakuna, a Birtaniya kuma tukunyar gas ce ke tura ruwan zafi zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bango. Tanderu kan yi shekara 15 zuwa 20, kuma yayin da tsoho ke mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na gas zuwa ɗumi, na zamani yana haura kashi 90. Abin da ke tilasta sauyawa ba tare da jinkiri ba shi ne tsagewar akwatin ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da ake shaƙa, kuma saboda irin wannan haɗari dokar Birtaniya ta wajabta wa masu ba da haya su sa injiniya mai rajista ya duba kayan gas duk shekara. Gwamnatoci a can suna ƙarfafa komawa ga famfon zafi, wanda esi ne da ke iya juya zagayensa ya kwaso zafi daga waje zuwa ciki, yana ba da ɗumi ninki uku zuwa huɗu na wutar da ya ci, kuma tallafin sayensa a Ingila ya kai fam 7,500 a Oktoban 2023.

A ƙasar Hausa da tsaunukan Jos, inda daren hunturu ke sa mutane neman ɗumi, haɗarin iri ɗaya ne ko da yake kayan sun bambanta. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama jinin mutum da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma ita ce dai ke fita daga janaretan da ake ajiyewa a baranda ko zaure don tayar da esi da bazara. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda ake saurin ɗauka zazzaɓi ne, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba, kuma idan mutanen ɗaki guda suka kamu da waɗannan alamomi a lokaci ɗaya wajibi ne a fitar da su sarari a garzaya da su asibiti. Garwashi ya kamata a fitar da shi waje kafin a kwanta, janareta kuma a ajiye shi a fili nesa da tagogi. Hitar lantarki ba ta fitar da wannan iska, amma tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, nauyin da siririyar wayar jone ba ta iya ɗauka, don haka a soket ɗin bango ake sa ta kai tsaye, nesa da labule, katifa da gidan sauro, a kuma kashe ta idan za a bar yara su kaɗai a ɗakin.